Batir Mai Arba'in da Takwas da Yashin Hanyar Dungu

Keken nan mai batir ɗana ne ya kawo mini daga Kano, wata shekara da cin rani ya yi masa kyau. Ya ce in daina taka feda kamar wanda kare ya biyo. Ni da karatun lekwal ɗina bai wuce leƙe ta tagar aji ba, sai ga ni da abin hawa na zamani a cikin Matameye, ina murɗa hannu yana tafiya shiru kamar munafuki.

In ni kaɗai ne, keken ba shi da laifi. Amma tsohuwata, uwar 'ya'yana, gwiwoyinta sun gaji, yayarta kuma tana kwance a Dungu, ba ta iya share mako ba ta je ta gan ta ba. Akwai wani yashi a hanyar, kafin a gangara wajen lambunan rake. Da mun iso nan mu biyu, keken sai ya yi nishi ya tsaya. Ita kuma ta sauka, ta dafa gwiwa, ta taka har ƙarshensa tana hutawa. Ni nake jan keke a gaba, ina jin numfashinta a bayana, ba na son waiwayawa.

Sai na je wurin wani makanisiyan a bakin tasha, ɗan abokina ne, shi ma gemunsa ya fara furfura. Na ce masa, "Ƙara wa dokin nan hatsi."

Ya duba ya ce, "Baba, batirinka mai ƙarfin talatin da shida ne. Akwai mai arba'in da takwas, kuma ƙwaƙwalwar keken za ta ɗauka, na karanta a jikinta."

"Keke ma da ƙwaƙwalwa? To ya fi ni."

"Wannan kam an daɗe da sani," in ji shi. Ya nuna mini 'yan fitilun da ke kan kan keken, masu faɗin sauran wuta. "Amma waɗannan da tsohon batir suka saba. Da sabon, kullum za su ce maka a cike yake. Kada ka yarda da su. Ko ka sake su, ko ka riƙa sa shi a kuran ya sha wuta duk dawowa."

Na ce na ji. Gaskiya rabin farko na ji, don hankalina na kan yashi.

Ranar farko da muka hau da sabon batirin, na murɗa kaɗan keken ya zabura, tsohuwa ta damƙe mini riga ta ce, "Malam, wajen yaya za mu, ba lahira ba." Muka iso yashin, ya ratsa shi kamar titin gudron. Na ji ta yi wata 'yar dariya a bayana wadda na daɗe ban ji ba.

Daga nan girman kai ya shige ni. Na duba fitilu, a cike. Washegari na je kasuwa na dawo, a cike. Na zauna a majalisa ina gaya wa tsofaffi cewa na samu batir mai albarkar Zamzam, ana sha ba ya ƙarewa. Maganar makanisiyan takan faɗo mini, sai in ce ai ido ya fi kunne.

Mako na zagayowa muka kama hanyar Dungu da hantsi, da kwanon fura a cinyarta. Muna shiga tsakiyar yashin keken ya ɗauke wuta ɗif, ba nishi ba sallama. Na murɗa, na sake murɗawa, na buga masa tafin hannu. Shiru.

Na ji tana gyara zane za ta sauka. Na ce, "Zauna."

"Ka tura ni da keke? Kai ɗin?"

"Na yi alkawarin ba za ki ƙara taka yashin nan ba. Ban ce da wane batir ba."

Na sauka, na kama kan keken, na sa ƙirji. Tayoyi na nutsewa, takalmina ɗaya ya tsaya a baya, zufa ta jiƙe hula. Wani mai amalanke ya wuce ya ce, "Baba, sabon salo ne?" Ita ta amsa masa, ta ce wannan batirin shi ne mai shekara saba'in da wani abu, ya fi ƙarfi sai dai ƙara.

Da muka fita kan ƙasa mai tauri na zube a gindin wani gawo. Ta buɗe furar yayarta ta miƙo mini ludayi, tana zaune a kan keke abinta, ƙafarta ko ƙwayar yashi babu. Ta ce in sha da yawa, don akwai komawa.