Buhun da Ba Madu Ya Ajiye a Ƙofa

A unguwar Lamisula, in kana son hularka ta fito fes, wurin Ba Madu za ka kai ta. In kuwa sakin fuska kake nema, to ka wuce gaba. Tun yana saurayi yake wankin hula, ya sa mata sitaci, ya kifa a kan katako, ya jera a rana. Ya yi furfura a kan sana'ar nan, amma har yau ba wanda zai rantse ya taɓa jin dariyarsa. Ko gaisuwa sai ya ja aji kafin ya amsa.

Babbar abokiyar faɗansa ita ce Salomi mai ƙosai, wadda kowa ke kira Maman Rhoda, 'yar kudancin Borno da ke haya a gidan da ke kallon shagonsa. Hayaƙin suyarta ke bin hulunansa, sai mutum ya kafa hularsa zanna ya tafi ɗaurin aure yana ƙamshin ƙosai. Ba Madu ya yi ta kai ƙararta wurin Bulama, mai unguwarsu, har ta kai Bulama na hango shi sai ya ce zai shiga alwala.

Ana nan sai ambaliya ta ci gari. Da ruwa ya shigo layinsu, Ba Madu ya ruga shago ceton hulunan mutane, ya manta matarsa Ya Kellu ba ta iya tafiya saboda ciwon ƙafa. Salomi ce ta yar da kayan suyarta, ta goya tsohuwar har kan tudu. Can ya same su, da huluna jibge a kansa. Kaskon Salomi kuwa ruwa ya tafi da shi, ta koma suya a wani na aro mai yoyo.

Abin ya tsaya wa Ba Madu a rai. Kunya yake ji sosai, yana kuma son ya gode mata, amma in ya buɗe baki sai ya ji ya ce, “Hayaƙin nan dai!”

Wata rana ya ji a rediyo cewa akwai ranar kyautatawa ta duniya, a tsakiyar Nuwamba. Ba a yanka rago, ba a ɗinki, ɗan alheri kawai za ka yi wa wani, kuma an fi so ma kada ya san kai ne. Ba Madu ya ce wallahi wanda ya ƙirƙiro ranar nan da shi yake. Ga godiya, ga kuma girmansa ba a taɓa ba.

Ya je kasuwa ya zaɓo kasko mai nauyi. Ya naɗe shi da tsumma, ya cusa a buhu, ya ɗaure da tsohuwar wayar lantarki tamau, don kada awaki su yi masa ɓarna. Da safen ranar, Salomi na fita kai markaɗe, ya jingine buhun a ƙofarta, ya koma shago ya haɗe rai kamar kullum.

Abin da ya manta shi ne a Maiduguri yake. Garin nan ya ga abin da ya gani, kuma buhu mai waya da ba a san mai shi ba, ba ya kama da kyauta a idon kowa. Wata mata ta ƙwalla ihu tana cewa bam ne. Kafin ka ce me, layi ya watse, mai shayi ya bar tukunya a wuta, liman ya fita da takalmi ɗaya. 'Yan sintiri suka ja igiya, Bulama ya kira jami'an tsaro. Shi ma Ba Madu aka ja shi baya, ana ce masa ya tsira da ransa.

Ya tsaya yana lissafi. In ya yi shiru, za su tarwatsa kaskon, don ya ji babban jami'in na faɗar haka. In ya yi magana, duk Lamisula za ta ji cewa ya yi wa mai ƙosai kyauta. Ya zaɓi shiru.

Sai ga Salomi ta dawo. Ta saki robar ƙullu, ta yi kan igiyar, mata suka riƙe ta.

“Rhoda na ciki! Barci take, ba ta da lafiya! Ku sake ni!”

Wannan kukan ne Ba Madu ya kasa jurewa. Ya tsallake igiya, ya miƙe zuwa ƙofar.

“Baba, dawo! Ka haukace ne?” in ji jami'in.

Bai waiwaya ba. Ya durƙusa, ya warware wayar, ya zaro kasko ya ɗaga sama. Kowa ya zuba wa kaskon ido. Can mai shayi ya tuntsire da dariya, sai kowa ya kama, har da waɗanda suka kwanta a ƙasa.

Jami'in bai yi dariya ba. “Kai ka ajiye? Don me?”

“Ranar kyautatawa ce,” in ji Ba Madu, murya ƙasa-ƙasa.

“Ranar me?”

Ba Madu ya dubi Bulama, Bulama ya kau da kai. Ba mafita. Ya juya ga Salomi, da kasko rungume a ƙirji.

“Maman Rhoda, kin goya matata a cikin ruwa, ni ina can ina ɗaukar huluna. Na gode. Tun ranar ya kamata in faɗa.”

Salomi ta zauna daɓas a ƙasa. Dariya take, hawaye na zuba, ta kasa tsayar da ko ɗaya. Da ƙyar ta share fuska da gefen zani.

“Haba, Ba Madu,” ta ce. “Da wannan kaɗai ka tsallako ka faɗa min, ai da ba a kira sojoji ba.”