Lambar da na rubuta ban auna ba

Lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce, 'yar gidan fataken doya a Salaga, na gama sakandare ina ji da Turancina. Aka zaɓe ni cikin waɗanda za a horar a Yendi su zama ma'aikatan lafiya masu bin gida-gida, suna duba masu ciki da jarirai. A ajinmu akwai wata tsohuwar ungozoma daga Bawku, ko sunanta ba ta iya rubutawa ba, kowa Mma yake ce mata. In malamarmu tana bayani sai ta runtse ido tana motsa leɓe, mu kuwa muna ƙunshe dariya, muna cewa gyangyaɗi take yi. Da aka haɗa ni da ita zuwa aikin gwaji a ƙauye, har roƙo na yi a canza mini abokiyar tafiya, aka ƙi.

A gidan ƙarshe na rannan, rana ta take, muka tarar da wata mai cikin wata takwas tana ɓarar gyaɗa, tana ta raha. Na gaji, na ji ƙyuyar ciro abin awon hawan jini daga jaka, sai kawai na rubuta lamba mai kyau a katinta. Mma ta kama hannun matar, ta ga zobe ya nutse cikin yatsa saboda kumburi. Ta tambaye ta ko kanta na sarawa, ko tana ganin walƙiya a ido. Matar ta ce tun jiya. Mma ta juyo a hankali, ta kira ni 'yarta, ta ce in taimake ta in auna, tunda ita idonta bai san lamba ba. Da na auna, sai na ga jinin ya hau ƙwarai.

Muka ɗora matar a babur mai ƙafa uku, mu da mijinta muka nufi asibiti. Ba mu kai rabin hanya ba ta fara jijjiga. Duk abin da na rubuta a littafi ya gudu daga kaina. Mma kuwa ta kwantar da ita ta gefen hagu, ta hana mijin cusa mata cokali a baki, ta sassauta mata zane, ta sa ni na kira asibiti su shirya. Tana yi tana maimaita darasin malamarmu kalma bayan kalma, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ashe motsin leɓen nan hadda take yi. Har yau in na tuna natsuwar fuskarta cikin babur ɗin nan mai tsalle, tsigar jikina tashi take yi. Allah ya tsallakar da uwa da jaririyarta.

Mma ba ta gaya wa kowa abin da na yi ba. Ni da kaina na kai katin wurin malamarmu na faɗi gaskiya, aka sa na maimaita aikin gwajin tun daga farko.

Na koyi cewa ilimin da ya tsaya a takarda ba ya bin mutum hanyar ƙauye. 'Yan uwana masu wannan aiki, kada ku raina wanda kuke zaune aji ɗaya da shi, kuma kada hannunku ya rubuta abin da bai auna ba. Mai katin ta yarda da ku ne, za ta koma gida ta kwanta a kan lambar da kuka ba ta.