Numfashin Furfura

Furfura bai tsufa ba. Ƙurar dutse ce ta sauka a kansa tun yana saurayi ta ƙi tashi, abokan aiki suka raɗa masa sunan, har surukarsa ta ɗauka. Aikinsa yankan dutsen da ake shimfiɗawa a kan kabad ɗin kicin da matakala da bakin taga, a gidajen da ba a barinsa ya shiga da takalmi.

Ya san halin duwatsu kamar dangi. Mabul, a cewarsa, 'yar gata ce: ga kyau, amma ɗigon lemun tsami sai ya bar mata tabo. Giranit kuwa gardi ne, ka ɗora masa tukunya daga wuta, ko gezau. Sai dutsen kamfani, wanda ake niƙa dutse a kwaɓa da ƙaro a matse ya zama allo. Shi ba ya shan mai, ba ya riƙe tabo, masu gida na sonsa. Ƙurarsa laushi gare ta kamar hodar jarirai, shi ya sa Furfura bai taɓa zarginta da komai ba.

Ƙa'ida ita ce a yanka dutse ruwa na zuba a kan injin, ƙura ta kwanta. A shago ana yi, in an kawo ruwa. A gidan mutane kuwa, wace uwargida za ta yarda a kwarara mata farin caɓi a sabon tayil? Sai a huda ramin wanke-wanke a bushe, a rufe ƙofa don kada ƙura ta cuci kujerun falo. Masu aikin ba sa damuwa, suna da maganinsu: in an tashi, kowa ya shanye gwangwanin madara. Madara tana wanke ƙirji. Ba wanda ya taɓa tambayar yadda abin da ya bi ta ciki yake zagayawa ya share huhu.

Duk shagon ba wanda ya kai Dogo shan madara. Shi ya koya wa Furfura aiki, shi ke sungumar allo shi kaɗai in akwai mata a wurin. Ranar da Furfura ya je duba shi, bayan ciwon ƙirji ya raba shi da aiki, ya tarar da shi zaune jingine da bango, domin kwanciya ta gagare shi, roba a hanci, tukunyar iska a gefe.

"Furfura," in ji Dogo, ya tsaya ya nemo iska, "ka zo rabon gado?"

"Kai dai raki gare ka. Mura ce."

"Likita ya ce duk wanda muka yanka tare," ya sake tsayawa, "ya je a ɗauki hoton ƙirjinsa. Ka faɗa musu."

Furfura ya faɗa wa kowa. Shi ɗan aike ne, ya sauke nauyi.

Amma daga ranar ya fara sauraron kansa. Ya lura yana raba magana gida biyu. In suna tafiya da matarsa, sai ya tsaya a gaban shago yana taya kayan da ba ya buƙata, har ƙirjinsa ya lafa.

"Baban yara, yau kuma keken ɗinki za mu saya?" ta ce. Sai ta rage murya. "Ina jin ƙirjinka in ka yi ruku'u. Kamar ana murza takarda."

"Kunnenki ne ya cika tsini."

Da suka koma gida ta ƙara masa madara, iyakar abin da aka gaya mata ke nan.

Sai aka ba su aiki a gidan sama. Dogon allo a tsaye ake ɗaukarsa. In ya kwanta ya karye, in an dire shi a matakala ya zame ya tafi da na ƙasa. Furfura ne a ƙasa. Suna tsakiyar bene iska ta ƙare masa. Ya buɗe baki, ya ja, ba abin da ya shigo. Idonsa ya fara duhu daga gefe, dutsen na sulalewa cikin gumin hannunsa.

"Turo mana, tsoho!" in ji abokin aikinsa daga sama, wanda allon ya tare masa gani.

Furfura ya kafa goshi a jikin dutsen mai sanyi, ya tura da kai, ya ƙarasa hawan da gwiwa. Mai gidan na tsaye a sama, hankalinsa a tashe. Ya roƙe su don Allah su lura da fentin bango.

Washegari ya ce wa matarsa zai je awon wani kicin, ya wuce asibiti. A ɗakin hoto wata ma'aikaciya ta sa ya cire riga, ya manna ƙirji a jikin wani farantin ƙarfe, ta koma bayan gilashi.

"Ja numfashi sosai, ka riƙe."

Ya ja.

"Sosai na ce, baba. Cika ƙirjin."

Ya sake gwadawa, kafaɗunsa suka ɗaga, haƙarƙarinsa ya tsaya inda yake.

"'Yar nan," ya ce, ya jira iska, "ai ya cika."

Ta ɗago kai ta dube shi ta cikin gilashin. Sannan ta ce ya tsaya haka, kada ya motsa.