Tuwon da Na Ƙi Ci a Barkiya

Da daminar bara aka aiko mini Dutsin-Ma cewa zazzaɓin cizon sauro ya sake kwantar da taubashiyata a wani ƙauye can bayan Barkiya. Na hau acaba. Inda ruwa ya cinye hanya, muka sauka muka tura babur.

Na tarar ta rame, amma bakin nan yana nan.

"Alhaji, yawon duniya ya ƙare, an zo cin gado? To ban mutu ba."

"Gadon me, tsohuwa? Akuyar nan mai tari?"

Na ce ta nuna mini maganin da aka ba ta a asibitin Kurfi. Ta ciro guntun katin ƙwayoyi, an yanka shi da reza. Ashe da ta ji sauƙi sai ta raba sauran ƙwayoyin ga maƙwabta, kamar goron suna. A wurinta rowa ce mutum ya shanye magani shi kaɗai, alhali asibiti na da nisa.

Ina saurayi kulorokwin ke warkar da mu, ko da yake sai mun sha ƙaiƙayi. Daga baya, a Kumasi da Omdurman, na ga ana shan sa zazzaɓi ko gezau. Ƙwayar cutar da aka yi wa rabin duka takan tashi da taurin kai, sauro kuma ya kai ta gidan gaba. Na yi mata wannan bayani, ta ce boko ya yi mini yawa.

Washegari aka kai ta Kurfi, aka gwada jini, aka ba ta sabon kati. Da yamma ta sa aka kawo mini tuwon gero da miyar kuka, man shanu na yawo a kai. Na ture kwanon.

"Sai kin sha maganin, zan ci."

"Baƙo ya kwana da yunwa a gidana? So kake a yi da ni a bakin rijiya?"

Ta haɗiye ƙwayoyin tana hararata. Haka muka yi safe da yamma, matan unguwa na leƙowa suna dariya. Wata ta ce ita ma ta sami dabarar mijinta.

Ranar da katin ya ƙare, ta jefo mini shi.

"Ci ka tafi, kafin ka ga bayan rumbuna."

Da kaka na koma. Tun daga nesa na jiyo muryarta a masussuka, tana yi wa 'yan mata faɗa ba su iya sheƙa ba.