Rigar Tarwaɗa

Ni mace ce mai son komai bisa tsari, don haka daga farko zan fara.

Bayan rasuwar maigidana na shiga sayar da tarwaɗa mai rai a bakin kasuwar Guro, nan unguwar Adjamé a birnin Abidjan. Daga gonakin kifi na bayan gari ake kawo ta, mu zuba a manyan bahuna, masu gidajen abinci su zo su zaɓa. Kusa da ni akwai wata Hajiya 'yar garinmu da ta daɗe a sana'ar. Yaya nake ce mata, har ruwan alwala ni ke ɗebo mata.

Ban jima ba Allah ya haɗa ni da wata tanti, kamar yadda ake kiran manyan mata a nan, mai babban gidan gasa kifi a Arras, can unguwar Treichville. Ta ce in kai mata kaya ranar Juma'a, in sun yi mata, ni zan riƙa kai mata kullum. Ga marainiyar sana'a irin tawa, wannan cinikin shi ne tsayuwa da ƙafa. Da murnata na gaya wa Hajiya. Ashe ta daɗe tana harin wurin.

Ta leƙa bahona ta yatsina fuska. "Ƙanwata, haka za ki kai su da wannan majinar a jiki? Mutanen Treichville 'yan gayu ne fa. Ungo buhu, ga toka. Ki goge su ɗaya bayan ɗaya tun yau, su yi fes."

Na ce, "Yaya, ba sai an yanka ake goge yauƙin ba?"

"Wannan a ƙauye ne. Nan Abidjan kike."

Na goge su tas, na mai da su ruwa. Da farko suka daina kazar-kazar. Daga nan wani fari-fari kamar auduga ya fito musu a baya, sai jan miki a ciki. Ranar Juma'a na tsince masu dama-dama na hau mota, amma kafin mu haye gada rabi sun juya ciki sama. Tanti ta buɗe baho a gaban masu cin abinci, ta ce da Faransancinta mai haɗe da yaren Jula, "Madam, kifi na ce ki kawo, ba majinyata ba. Asibiti yana can gaba." Aka yi dariya. Satin da ya biyo, Hajiya ce ke kai mata kaya.

Duk da haka ban zarge ta ba, sai da wata likitar dabbobi mai zagaya gonakin kifin ta biyo motar kaya zuwa kasuwa. Na ba ta labari, ta riƙe baki. Ta ce yauƙin nan shi ne rigar kifi, shi ne garkuwarsa. A cikinsa akwai wasu ƙananan dakaru da ido ba ya gani, masu cinye ƙwayar cuta, akwai kuma wani sinadari da jikin kifin ke yi, wanda ke gane ƙwayar ya riƙe ta tun ba ta shiga nama ba. Ta ce ba a fata kaɗai yake ba, yana kan jan abin numfashin da ke ƙarƙashin kunnensa, yana cikin hanjinsa. Wanda ya goge shi ya tuɓe kifi tsirara a cikin ruwan da ke cike da cuta.

Karatuna bai wuce firamare ba, amma na gane. Na kuma tuna abin da na sha gani ban kula ba: Hajiya ba ta taɓa kifinta sai ta jiƙa hannu. Ta sani sarai.

Ban yi faɗa da ita ba. Na ci gaba da gaishe ta, na daina ɗebo mata ruwa. Buhun nan na wanke shi, na ninke, na ajiye a ƙasan teburina. Sannan na shimfiɗa wa kaina doka. Hannu a jiƙe kafin a taɓa kifi. Ba a cusa su da yawa a baho ɗaya, don gogayya na cin rigar. Wanda ya nuna tabo a ware shi nan take. Kifina ya yi suna, amma duk safiya in na ga ana loda kayan Hajiya zuwa Arras, sai in shafa buhun da ƙafata.

Ranar ta zo gab da bikin sabuwar shekara, lokacin da Treichville ba ta ƙoshi da kifi. Kwaɗayi ya sa Hajiya ta sayo ninkin abin da bahunanta ke ɗauka, ta danna su kamar goro a huhu. Suka goge juna, farin nan da na sani ya bayyana. Da safe ta tako wurina, mata na kallo.

"Ƙanwata, ki rufa mini asiri. Ki ara mini naki in kai wa tanti, in ba haka ba ta kore ni."

Na ce, "Wace cuta ce ta same su, Yaya?"

"Ke ma kin sani."

"Na sani, ke kika koya mini maganinta."

Na sunkuya na zaro buhun, na karɓi toka wurin mai gasa masara, na ɗora mata a hannu. "Ki goge su ɗaya bayan ɗaya, su yi fes. Mutanen Treichville 'yan gayu ne."

Wata mai tumatir ta ce, "Haba, ku ji tsoron Allah, 'yan gari ɗaya." Na ce tsoronsa ne ya sa buhu kawai na mayar.

Na jiƙa hannu, na zuba kifina a bahuna masu sabon ruwa, na tsayar da mota zuwa Arras. Tanti ta gane ni. Ta sa hannu ta kama ɗaya, ya suɓuce mata ya fantsama mata ruwa a zane.

Ta ce, "Wannan kam da ransa. Gobe ma ki kawo."

Har yau ni ke kai mata. Hajiya ta koma sayar da busasshen kifi a layin baya. In mun haɗu ina gaishe ta yadda ya kamata, amma ban ƙara ce mata Yaya ba.