Yanka da Yanke

Duk abin da zan manta a duniya, ban da shekarar da babanmu ya faɗo daga bishiyar dabino a garkarsa da ke wani kwari kusa da Gidigir. Tsoho ne mai taurin kai, ba ya yarda kowa ya hau masa dabino. Ranar reshe ya zame masa, ya dira kan ƙafar dama, ƙashin ƙwauri ya karye har cikin idon sawu, ya huda fata.

Daga asibitin Gure aka tura mu Damagaram, ni da shi da ƙanensa. Aka yi masa radiyo, hoton ƙashi ke nan. Lokotoro, wato likita, ya duba, ya yi bayani da Faransanci, wani majo, ma'aikacin jinya, ya mayar da Hausa: “Baba, za a yanka ƙafar, a jera ƙashin, a ɗaure da ƙarfe da kusoshi. In Allah ya so za ka taka.”

Baba ya gyaɗa kai ya ce, “To.”

Harshensa Kanuri ne. Hausarsa ta kasuwa ce, ta cinikin dabino da awaki, kuma ba ya son a ga bai gane ba. Majo ya ce yanka, shi ya ji yanke. Na fita sayen magungunan aiki a farmasi, na dawo na tarar da gado wayam. Ya sa ƙanensa ya ɗauke shi zuwa tasha.

Ko da na iske su gida, mai ɗori ya riga ya ɗaure ƙafar da kara da tsumma, a kan ɗanyen ciwo. Na durƙusa na yi masa bayani da Kanuri, na maimaita har na yi kuka. Ya dube ni ya ce, “Kai ɗan lakwal ne, ɗan boko, bakinku ɗaya da 'yan asibiti. Ni da kunnena na ji.”

Kwanaki suka shuɗe, ƙafa ta kumbura, yatsu suka yi baƙi. Wari ya hana jikokinsa shiga ɗakin, abin da ya fi ciwon ci masa rai. Sai da zazzaɓi ya gusar masa da hankali muka iya mayar da shi asibiti. Wannan karon lokotoro bai yi maganar ƙarfe ba. Aka cire ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Da ya farfaɗo, ya shafa zanen inda babu komai, ya juyo gare ni a hankali. “Ai na gaya maka za su yanke ta.”

Har Allah ya ɗauki ransa a kan haka yake, kuma har yau abin yana yi mini zafi. Na koyi cewa “to” ɗin dattijo a gaban likita ladabi ne kawai. Tun daga nan, duk tsohon da na raka asibiti, ba ma tashi sai ya faɗa mini da harshensa abin da ya ji za a yi masa.