Igiyar Jar Saniya

Na daɗe ina koyar da kiwo a wata 'yar makaranta da ke bayan garin Safana. Makaranta dai ga ta nan: aji biyu, rijiya, da ɗan garke. Garken ma ba namu ba ne. Ba a taɓa saya mana ko akuya ba, ni na riƙa bin rugage ina roƙo, don ba a koyon tatsa a jikin allo.

Wanda ya fara amsa mini wani dattijon Bafulatani ne daga wajen Zakka, Baffa nake ce masa. Ya ba ni jar saniya a kan al'adarsu ta haɓɓanaye: ka riƙe uwa, 'yan maruƙan da ta haifa naka ne, daga baya ka mayar wa mai ita abarsa. Ba takarda, ba shaidu. Da hannunsa ya tufka igiya ya ɗaura mata, ya miƙo mini, ya ce, "Malam, amana." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Sai ga labari wai an haɗe mu. Mu da makarantar ɗinki ta Batsari, da ta kafintoci, da wasu da ban taɓa jin ɗuriyarsu ba, an tara mu an yi babbar kwaleji guda a birni. Aka ce ci gaba ne. Na ce ci gaban mai haƙan rijiya.

Sauran masu shanu da suka ji ƙishin-ƙishin sun zo sun kwance nasu. Baffa kuwa ya yi nisa da garkensa neman ciyawa. Ranar da babbar mota ta zo kwasar kaya, sai na ga ana shafa wa jar saniya lamba da fenti. Na ce wa jami'in ta aro ce. Ya ce ina takardar aron? Na ce a ruga ba a rubuta amana. Ya ce duk abin da aka tarar a harabar makaranta na makaranta ne, in ina da magana in kai birni. Na wanke shi tas, har ɗalibaina suka riƙe ni. Bai hana a tura ta cikin mota tare da bencina ba.

Kwalejin birni bene ce, ga tayil, ga ƙofar ƙarfe, amma babu inda dabba za ta sa baki. A bayan ɗakin janareto aka ɗaure ta, kan siminti. Ni kuma aka ba ni aji in koyar da kiwo da hotuna. Ɗalibaina na Safana kaɗan ne suka biyo mu, wa zai yi musu noman? Na bi ofisoshi har takalmina ya cinye. Wannan ya ce ga wancan, wancan ya ce sai kwamiti ya zauna. In na kai mata dusa ta ci, in masu gadi suka sake ta sai ta nufi bola tana cin leda. Ina kallo ƙugunta ya fito.

Ana cikin haka ɓarayin daji suka kore garken Baffa kaf. Shanun da ya gada wajen mahaifinsa, ba abin da ya rage daga jininsu sai wadda ke hannuna. Bai aiko da faɗa ba. Cewa ya yi a gaya wa Malam, in ya gama da jar nan, yana so ya sake farawa.

Wallahi har durƙusawa na yi a gaban wani jami'in kwalejin, yaron da na isa in haife shi. Ya ce ana hutu, in yi haƙuri a dawo. Da aka dawo na tarar da wurin a share. Masu gadi suka ce faɗuwa ta yi ta kasa tashi, suka kira mahauci. Da aka fasa tumbin, leda ce cunkus. Igiyar na samu rataye a jikin taga. Kwamitin nan har yau bai zauna ba.

Na iske Baffa a wani ɗakin aro a gefen Safana. Tun daga nesa na hango ya kafa turke, ya share gindinsa, ya tara harawa a kan rumfa. Na so in juya. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi hanya, idonsa na bayana. Da gaisuwa ta ƙare na ciro igiyar daga aljihu. Na miƙa masa.

Ya karɓa, ya daɗe yana murza ta.

"Malam, an dai samu yanka ta?"

"An yanka, Baffa."

"To, alhamdu lillahi. Ba ta yi mushe ba."

Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya je ya ɗaura igiyar a jikin turken, ya ja ƙullin sosai kamar yadda ya saba.